Ƙarar da Take Mutuwa a Zaure

Tambayar da ta fi ba lauya wuyar amsawa a harabar kotu ake yin ta, bayan an tashi daga zama, kuma wanda ya ɗauke shi aiki ne yake yin ta. Tun kafin ka tuɓe baƙar riga ka cire hular gashin nan da muka gada daga Ingila, zai tare ka ya ce, "Barista, mun ci ko an cinye mu?" A wajensa amsa biyu ce kawai take yiwuwa, domin abin da ya sani tun daga zauren mai unguwa har zuwa gaban alƙali shi ne a ji ta bakin kowa, a kira shaidu, a ba mai gaskiya gaskiyarsa. Mu kuwa da muke sintiri tsakanin kotunan Abuja, daga Maitama zuwa Apo, daga Kubwa zuwa Gwagwalada, mun san akwai amsa ta uku, wadda muke bayarwa fiye da yadda ya kamata: ba mu ci ba, ba a cinye mu ba, ba a ma taɓo maganar da ta kawo mu ba.

A shekarun farko na aikina na gaji wani fayil na wani dattijo mai sayar da katako a kasuwar Dei-Dei. Ya kai wa wani ɗan kwangila kaya mota-mota, an biya shi rabi, aka riƙe sauran. Lauyan da ya fara riƙe shari'ar ya shigar da ƙara, an kira shaidu, an gabatar da rasit, kuma bayan shekaru ana kai-komo alƙali ya ce a biya Alhaji kuɗinsa. Da aka ɗaukaka ƙara, lauyan ɗaya ɓangaren bai tsaya jayayya a kan katako ko kuɗi ba. Shafin farko na fayil ya buɗe, ya nuna cewa takardar da aka fara ƙarar da ita an sa mata hannu ne da sunan ofishin lauyoyi, babu sunan wani lauya guda a ƙarƙashin sa hannun. Nan take duk abin da aka gina ya rushe. Da muka fito, Alhaji ya dube ni ya ce, "Barista, alƙalan sun ce ban kai katakon ba ne?" Na ce, "A'a, Alhaji." Ya ce, "Sun ce an biya ni?" Na ce ba su ce ba. Ya yi shiru yana juya carbinsa, sa'an nan ya ce, "To me suka ce?" Na yi ta lalubar Hausar da zan ba shi amsa da ita, na rasa. A lokacin direban da ya kai kayan ya rasu, kamfanin ɗan kwangilar kuwa ko allon sunansa babu, saboda haka izinin sake shigar da ƙara daga farko bai amfane shi da komai ba.

Alƙalan ba su yi son rai ba, doka suka bi. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yanke cewa lauyan da sunansa yake cikin rajistar lauyoyi ne kaɗai zai sa hannu a takardar kotu, ofishi kuwa ba lauya ba ne. A 2012 aka roƙi kotun ta sauya wannan matsayi a wata shari'a ta First Bank, ta zauna da cikakken ayarinta, ta ce tana nan a kan bakanta. Ƙararraki da yawa da aka shigar tun kafin hukuncin farko sun faɗi a wannan rami, kuma a kowace ɗaya wanda ya yi kuskuren ya riga ya karɓi kuɗin aikinsa, wanda ya yi asara kuwa bai taɓa ganin takardar ba, ko da ya gani ma ba zai iya karanta ta ba.

Idan lauyoyi suka haɗu ana hira, kowa kukan fanninsa yake yi. Mai harkar filaye yana kukan takardu, mai kare waɗanda ake tuhuma yana kukan 'yan sanda da sharuɗɗan beli, mai shari'ar gado yana kukan bankuna, mai shari'ar kasuwanci yana kukan hukuncin da aka ci amma aka kasa karɓar ko sisi. Ra'ayina shi ne cuta ɗaya ce take fitowa a gaɓoɓi daban-daban. Mun gina tsarin shari'a mai faɗin zaure, inda ake tsayar da mai ƙara ana binciken rigarsa da takalminsa da ƙofar da ya shigo ta ciki, har rana ta faɗi bai shiga cikin gida ya faɗi abin da ya kawo shi ba. Kuma ina ganin mu lauyoyi muna da kaso babba a cikin laifin, domin a zauren nan da yawanmu muke samun abinci.

Babbar kalmar zauren ita ce hurumi, wato ikon da doka ta ba kotu na sauraron wata ƙara. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa ƙa'idar cewa idan kotu ba ta da hurumi, duk abin da ta yi banza ne komai kyawun yadda ta gudanar da shi, kuma ana iya tayar da maganar a kowane mataki, ko da a Kotun Ƙoli ne, ko da bayan shekara goma sha biyar. Ƙa'idar tana da kyau a ƙasar da ƙofofin kotu suke a bayyane. A Abuja kuwa muna da Babbar Kotun Birnin Tarayya da Babbar Kotun Tarayya, waɗanda ko a suna kalma ɗaya ce ta raba su, ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe mata duk rigimar aiki da sallama, ga kotunan majistare, ga kotunan yanki, ga na gargajiya. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abubuwan da Babbar Kotun Tarayya kaɗai za ta saurara, har da ayyukan hukumomin gwamnatin tarayya. A 2002, a shari'ar NEPA da Edegbero, an fahimci cewa da zarar hukumar tarayya tana cikin ƙara, can za a nufa. A 2005, a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna, aka ce idan rigimar ta cinikayya ce zalla, ba can ba ne. A birnin da kusan kowane babban ciniki yake da ƙafar wata ma'aikata a ciki, lauya yakan zauna da fayil a gabansa yana auna wace ƙofa zai ƙwanƙwasa, yana sane da cewa idan ya kuskure, sai bayan shekaru za a gaya masa.

Maganin wannan ba boyayye ba ne, yana ma cikin dokokinmu. Sashe na 22 na dokar Babbar Kotun Tarayya ya ba alƙalinta ikon tura ƙarar da aka kawo masa bisa kuskure zuwa kotun da ta dace maimakon ya yi watsi da ita. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan ya zama doka a kan kowace kotu, a kuma wajabta cewa wanda yake da ja a kan hurumi ko a kan sa hannu ya faɗa tun a zaman farko, kafin a rantsar da shaida ko ɗaya. Wanda ya ga ramin ya yi shiru, ya bari aka yi shekara shida ana tafiya, bai kamata a ba shi lada ba.

A harkar filaye, zauren tun kafin a zo kotu yake farawa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce ba a sayarwa ko jinginar da filin da yake da takardar gwamnati sai da amincewarsa, kuma an ɗaure dokar a cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. A Abuja al'amarin ya fi haka tsauri, domin dokar 1976 da ta kafa birnin ta mai da ƙasar duka mallakin gwamnatin tarayya, kuma a 2008, a shari'ar Madu da Madu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa Ministan Birnin Tarayya ne yake da ikon ba da fili a nan. Ma'anar wannan ga talaka ita ce takardar da wani sarkin ƙauye ya buga wa hatimi, ko wadda ta fito daga ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin birnin guda shida ba a kai ta gwamnati ta tabbatar da ita ba, ba ta tsayawa a gaban takardar minista. Duk da haka kullum sai an sayi irin waɗannan filaye a gefen gari, a biya dillali kashi biyar ko goma cikin ɗari ba tare da gardama ba, amma a ga ƙyashin kuɗin da lauya zai je ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, ya bincika fayil. Sai an zagaye fuloti da katanga, an haƙa rijiya, wani ya zo da takarda daga sama, sa'an nan a tuna da Barista, a yi ihu bayan hari.

Akwai kuma dabarar da muka ƙirƙira da kanmu. Saboda neman amincewar minista yana cin lokaci da kuɗi, sai aka koma sayar da gidaje da takardar wakilci, wato mai gida ya rubuta cewa ya wakilta mai saye ya yi yadda ya so da gidan. Gida ɗaya yakan wuce hannu huɗu ko biyar a haka, sunan mutumin farko yana nan a rajista. Takardar wakilci kuwa ita kaɗai ba ta mai da mutum mai gida, kuma ranar da na farkon ya rasu, magadansa suka buɗe akwati suka ga sunan mahaifinsu a kan takardar mallaka, sai lauya ya tsinci kansa yana neman mutanen da suka yi ciniki shekara ashirin da suka wuce. Tarihin wannan sharaɗi na amincewa ma abin dubawa ne. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wanda ya karɓi rance ya jinginar da gidansa, ya dawo ya ce jinginar ba ta yi ba domin ba a nemi amincewar gwamna ba, alhali shi doka ta ɗora wa nema, kuma ya yi nasara. Daga baya kotun ta yi ta rage kaifin wannan hukunci, amma darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne laifinka ma yana iya zama garkuwarka.

Rigimar haya ba ta buƙatar dogon bayani. Mai hayar shekara a Abuja yana da haƙƙin sanarwar wata shida, sa'an nan ta kwana bakwai, kuma an daɗe ana korar ƙarar mai gida saboda lissafin sanarwar ya gaza da kwana ɗaya, ɗan haya ya ci gaba da zama shekaru ba ya biya. A 2021, a shari'ar Pillars da Desbordes, wadda ta haura shekara ashirin a kotuna, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta nuna cewa shigar da ƙarar kansa ya isa ya sanar da ɗan haya ana son gidan. Na kawo wannan ne domin a ga cewa idan alƙalai suka ga dama, suna iya taƙaita zauren.

Inda abin ya fi ciwo shi ne shari'ar laifi, domin a nan mai jira a kulle yake jira. A rubuce, ba mu da abin kuka. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda take aiki a kotunan Abuja, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, ta ce mace tana iya tsaya wa mutum a beli, ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata, ta ce a yi shari'a kullum-kullum, in ba ta yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, kada tsakanin zama da zama ya wuce kwana 14 na aiki. Duk da wannan, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba tukuna.

Na taɓa tsaya wa wani saurayi mai tuƙa keke mai ƙafa uku, wanda mai keken ya kai shi wani ofishin 'yan sanda saboda ya kasa cika kuɗin mako na wata biyu. Bashi ne ƙarara, amma a takardar tuhuma cin amana aka rubuta, domin cin amana laifi ne a kundin dokokin laifuka na Final Kod, bashi kuwa ba laifi ba ne. Ranar da aka karanta masa tuhuma, wani ma'aikacin kotu aka yafito ya yi tafinta, mutumin da Hausarsa ta kasuwa ce. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗinsa suna kaina, ban ce ba zan biya ba." Tafinta ya juya wa alƙali cewa ya amsa laifinsa. Da ban miƙe na yi magana ba, da an rubuta haka, kuma abin da alƙali ya rubuta da alƙalaminsa shi ne kaɗai abin da kotun sama za ta gani. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta, amma bai ce tafintan ya san bambancin amana da ajiya da rance da jingina ba, alhali a kan waɗannan kalmomi huɗu ake ɗaure mutum ko a sake shi. An ba yaron beli da sharaɗin ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin birni, shi da duk danginsa suke wani ƙauye a Jigawa. Zama na gaba ba a kawo shi ba, aka ce babu mota. Na bayansa ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Ana cikin haka ma'aikatan shari'a suka shiga yajin aikin 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yuni. Da ya fito, kwanakin da ya yi a tsare sun ninka kwanakin da ya kasa biya sau da yawa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar mai keken nawa ne ainihin bashin.

Manya ma suna shan wannan ruwa, sai dai su daɗinsa suke ji. An gurfanar da tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, a 2007, aka yanke masa shekara 12 a Disamban 2019, sa'an nan a Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar saboda alƙalin da ya kammala ta an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sashe na 396(7) na dokar 2015 an rubuta shi ne musamman domin irin wannan alƙali ya iya ƙarasa abin da ya fara, amma kotun ta ce ya ci karo da tsarin mulki. Ba ina cewa wane ya yi ko bai yi ba, domin wannan ce tambayar da shekara goma sha uku ba su amsa ba.

A shari'ar iyali da gado, wahalar ta masu rauni ce. Mace ta fita takaba, kotun yanki ta raba gado bisa shari'ar Musulunci, an fitar mata da tumuninta, an ba kowane ɗa rabonsa, kowa ya gamsu. Ta je banki da takardar kotun, a ce mata sai ta kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, inda za ta cika fom da Turanci, ta kawo masu tsaya mata, ta biya kaso daga dukiyar, ta jira a buga sanarwa. Idan kuma wani ya fito ya ce marigayin ya sayar masa da gidan kafin ya rasu, maganar ta tashi daga rabon gado ta koma jayayyar mallaka, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 262 ya taƙaita huruminta a Abuja ga aure da riƙon yara da kyauta da wasiyya da waƙafi da gado, ba ta da ikon taɓa ta. Lauyan da bai lura da wannan lanƙwasa ba zai kai marayu kotun da suka fi natsuwa da ita, ya ci nasara, a rushe nasarar a sama. Haka nan bayanan kotun yanki da aka rubuta da Hausa sai an fassara su kafin kotunan sama su duba, kuma a wajen fassarar nan ma na ga shaidar mutum ta sauya kama.

Wanda ya haye duk waɗannan ya samu hukunci a hannu, idan gwamnati yake bi, akwai sauran zaure a gabansa. Sashe na 84 na dokar zartar da hukunci, wadda muka gada tun zamanin Turawa, ya ce ba a taɓa kuɗin da yake hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, wato sai ka nemi izinin lauyan wanda ka kayar kafin ka karɓi abin da kotu ta ce naka ne. Ban ga hujjar da za ta sa wannan sashe ya ci gaba da zama yadda yake ba. In ana tsoron a wawushe asusun ma'aikata ne, a sa wa'adi, in ya wuce ba a amsa ba a ɗauka an amince.

Fanni ɗaya ne aka yi wa agogo, shi ne na 'yan siyasa. Sashe na 285 ya ba mai ƙorafin zaɓe kwana 21 ya shigar da ƙara, ya ba kotun zaɓe kwana 180, ya ba kowace kotun sama kwana 60, kuma ba a ƙara ko yini ɗaya. Domin a cika wannan wa'adi ake kwashe alƙalai daga manyan kotuna duk bayan zaɓe, a bar fayil ɗin mai katako da na marayu suna shan ƙura. Sai dai adalci ne in faɗi cewa sauri ma yana da nasa haɗarin, kuma mutanen Filato sun gani. A ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire Gwamna Caleb Mutfwang da 'yan majalisar jiha 16 na jam'iyyar PDP da wasu 'yan majalisar tarayya, duk a kan hujjar da ta shafi shugabancin jam'iyya. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ce hujjar ba ta tsaya ba, ta mai da gwamnan kujerarsa, amma 'yan majalisar ba su da hanyar zuwa can, domin tsarin mulki ya ce shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tuƙewa. A nan ma ba a ce ba su ci ƙuri'a ba.

Na san abin da manyanmu a wannan aiki za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce ƙa'ida ita ce katangar da take tsakanin shari'a da son zuciya, kuma ranar da aka ce kowane alƙali ya saurari abin da ya ga dama, ranar aka buɗe kasuwa. Mun ga alamar haka a rikicin masarautar Kano a 2024, lokacin da kotun tarayya da kotun jiha suka riƙa fitar da umarni masu karo da juna, har jami'an tsaro suka zama masu zaɓen wanda za su bi. Na yarda hurumi wajibi ne, kuma ban ce a rushe zauren ba. Abin da nake ja a kai shi ne lokacin da ake tayar da maganar, da kuma wanda ake ɗora wa asarar. Idan lauya ya sa hannu ba daidai ba, ko ya manta liƙa hatimin ƙungiyar lauyoyi, a ci shi tara daga aljihunsa, in ya maimaita a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, amma a bar ƙarar ta rayu. A kan hatimin ma ai Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan hanya a 2015, ta ce rashinsa gyaruwa yake yi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Laifi tudu ne, saboda haka bari in sauka daga kan nawa. Ni ma na taɓa ganin irin wannan rami a takardar abokin hamayya, na ninke shi na sa a aljihu, na bari aka kira shaidu, ina jiran in ga inda hukunci zai faɗi. Wanda nake karewa ya ji daɗi, ya ƙara mini kuɗi, ya kuma turo mini wasu. Ba na jin na karya wata doka, amma na san abin da na yi wa mutumin da yake ɗaya ɓangaren, wanda shi ma wani Alhajin ne mai jiran a gaya masa ko ya ci. Tsarin biyanmu ma yana tura mu can. Lauyan da ake ba kuɗin mota duk zama ba shi da dalilin ƙin ɗagewa, kuma matashin da ya fito daga makarantar horon lauyoyi ta Bwari ya tarar da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata tsakanin Mararaba da Wuse, ba za a yi mamaki ba in ya koma tsayuwa a bakin kotun majistare yana jiran motar 'yan sanda. An fitar da tsarin mafi ƙarancin kuɗin aikin lauya a 2023, amma wanda yunwa ta kora ba ya tsayawa duba jadawali. A can sama kuma, Kotun Ƙoli da tsarin mulki ya ce kada alƙalanta su wuce 21, wadda sai a Fabrairun 2024 ta cika wannan adadi, ita ake kai wa rigimar haya da ta iyakar gona, kuma da yawan abin da yake cika mata tebur gardamar zaure ce da mu muka hau da ita.

Bara dattijon nan mai katako ya sake zuwa ofishina, ya tsufa, ɗansa ne yake riƙe masa jaka. Zai ba wani kamfani kaya bashi, yana son a rubuta yarjejeniya. Da na zo wurin da ake faɗin inda za a kai rigima idan ta taso, ya ɗaga hannu ya ce kada in rubuta kotu, in rubuta cewa shugaban 'yan katako da mutum biyu da kowane ɓangare zai kawo su za su zauna su yanke. Na gaya masa dokar sulhu da sasanci ta 2023 ta yarda da haka, amma in wancan ya ƙi bin abin da suka yanke, dole dai a koma kotu domin a tilasta masa. Ya ce ya ji, a rubuta hakan. Da na gama na buga takardar, na ɗauki biro zan sa hannu a wurin wanda ya shirya ta, sai ya matso da kujerarsa, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a ƙasan shafin ya ce wa ɗansa, "Karanta mini nan. Sunansa ne, ko na ofis?"